Guga a Hasumiya

Hambali ya aiko hoto bayan la'asar,
ina kan dakali a Ƙofar Mazugal.
Na matso da wayar dab da idona:
ba fuskarsa ba ce, ba kamfanin tayil ɗinsu ba,
wani guga ne na katako, ya tsufa ya yi baƙi,
an rataye shi da sarƙa cikin hasumiya.

"Baba," in ji muryarsa, "nan Modena ke nan.
Bolonya na can, kamar ka ce Kano da Wudil.
Harshe ɗaya, addini ɗaya, suna cin kasuwar juna.
Shekara ɗari bakwai, aka ce, suka gwabza,
waɗancan na bayan Fafaroma, waɗannan na bayan sarki.
Kafin duhu, gawa wajen dubu biyu a fili.
Masu nasara suka kora su har gindin ganuwa,
ba su ci garin ba, ba su ɗauki zinariya ba,
guga suka kwance a bakin rijiya."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Na ce, kai, Turawa!
Jini kamar Jakara cikin marka,
mata dubu sun shiga takaba
kan abin da za a sayar maka a Kurmi
a yi maka gyara da igiya.

Sai na ɗaga kai, ga guntun badala,
masu yankan bulo sun cinye rabinta.
Don wa kakanni suka tara jar ƙasar nan,
kwando bayan kwando, har gashin kai ya zube?
Ba don na ƙetaren teku ba.
Don Katsina ce, don Zazzau,
masu "ina kwana" irin tamu,
masu tuwo irin namu da miya.

Aka ƙera sulke, aka ɗinka lifidi,
aka jiƙa bakin kibiya da dafi,
mai ƙofa ya ja ƙyaure kafin magariba
don kar ɗan'uwa ya kwana a ciki.
Yau in Bazazzagi ya sauka a gidanka,
ba abin da ya rage sai tsokana da dariya.

Dariyata dai ta tsaya a maƙoshi.
Na tashi, na shiga ɗakin shirgi,
na ɗage buhun gawayi, na ture tsohon keke.
Yana nan inda na jefa shi:
gugan roba, na tayar mota, bakinsa ya tsage.
Na Ɗayyabu ne, maƙwabcina,
katanga ɗaya, rijiya ɗaya.

Shekara ashirin da shida.
Akuyarsa ta ci min zogale, na ce wani abu,
ya ce wani abu game da mahaifina,
da asuba na kwance gugansa na shige gida.
Ban je sunan jikansa ba, bai zo jana'izar Tasalla ba.
A masallaci ni ne dama, shi ne hagu.
Rijiyar kuwa ta ƙafe tun ana kashe kwabo,
mu duka wajen ɗan garuwa muke saye,
jarka tasa, jarka tawa, kura ɗaya.

Na kakkaɓe shi. Kunama ta faɗo ta gudu.
Taku goma sha ɗaya ne zuwa zaurensa,
ban san gwiwa na nauyi haka ba.
Na yi sallama sau uku, ta ukun da ƙyar ta fito.
Yana kan buzu, idon ya tafi tun bara.
Na ɗora masa a cinya, ban ce komai ba,
bakina ya bushe don kunya.

Ya shafa gindin, ya shafa bakin,
ya laluba ɗinkin da ya yi da hannunsa.
Ya daɗe.
Sannan ya gusa, ya bar min gefen buzun,
ya juyo da fuska inda numfashina yake,
ya ce, "Barau, kai ne?
To, ina igiyar?"