Noti Tara

Ni ɗan Nima ne, jikan mahauta,
ruwan da na sani shi ne na babbar kwata
in damina ta yi fushi.
Sifana nake riƙewa, ban san taru ba.
Ataa Kotei ya same ni a Chorkor, hannuna baƙi da giris,
ya ce injinsa na tari, in bi su dare ɗaya in saurara.
Dare ɗaya.
Ko sallama ban yi wa Balaraba ba.

Hasumiyar Jamestown ta koma allura,
allurar ta nutse.
Can inji ya yi atishawa biyu, ya yi shiru,
mutum huɗu suka juyo suna kallona.

Na kwance shi kamar yadda kakana ke feɗe rago,
na jera hanjinsa a kan buhu,
na busa, na goge, na ja igiya har tafina ya tsage.
Ya ƙi.
Babu wanda ya zage ni.
Da ma sun zaga, da na ji sauƙi.

Talata ta same mu a teku,
ranar da mutanen Ga ba sa shiga ruwa.
Ataa ya yi wa tekun magana a hankali,
irin ta wanda ya kwana gidan surukai ba da niyya ba.

Kullum rana ta faɗi sai in ɗauki noti ɗaya
in jefa a aljihu.
A noti na uku dokunu ya ƙare.
A na huɗu muka koma marfin gora:
ɗaya da safe, ɗaya da yamma,
Akwei ke zubawa, don shi hannunsa ba ya rawa.

Ga ruwa har inda ido ya gaji,
ga harshe kamar ƙirgi.
Alwala kaɗai ya yarda in yi da shi.
Odartey, mai gicciye a wuya, shi ke nuna mini gabas,
ya riƙe mini ƙugu kada in kife a ruku'u.

Na ci ɗanyen kifi, ni da ke raina naman da bai ji wuta ba.
Na tsotse idonsa, na gode masa.

A na shida wani jirgi ya wuce, dogo kamar unguwa.
Muka ƙona rigata a kan sanda,
muka yi ihu da yare uku.
Ya bar mana igiyar ruwa, ita ce amsarsa.
Daren nan yaronmu Okai ya ce yana jin ƙamshin waken uwarsa,
ya miƙe zai taka ruwa ya je.
Na ɗaure ƙafarsa da tawa.
Har asuba muna ja, ban san wa ke riƙe da wa ba.

A na bakwai hadari ya haɗo.
Muka shimfiɗa tamfol, muka buɗe baki kamar 'yan tsaki.
Ruwan na warin fetur.
Ban taɓa shan abin da ya kai shi ba.

Da tamfol ɗin Ataa ya yi filafilai,
iska ta tura mu yadda ta ga dama,
har masuntan Ada suka tsince mu, a noti na tara.

A Nima na tarar an shimfiɗa tabarmi, an yi mini sadakar bakwai.
Balaraba ta taɓa fuskata sau biyu kafin ta yi kuka.

Injin kuwa, da na buɗe shi a tudu,
wata 'yar waya ce, ba ta kai tsinken sakace ba.

Yanzu in yarana sun zubar da ruwa a tsakar gida
ba na faɗa.
Hannu nake sawa a aljihu,
in ji tara ɗin suna nan.