Mai Ɗinkin Fukafuki

Ni ce Winifred Tapsell, mai allura
a rumfa ta huɗu, Farnborough, bayan layin dogo.
Kafin yaƙi rigunan amare nake ɗinkawa.
Yanzu fiffike: ƙyallen lilin a kan haƙarƙarin katako,
in ja zare, in ƙulle, in ja, in ƙulle,
sannan a shafe shi da wani mai
da warinsa ke sa mu jiri,
fatarmu ta koma ruwan ɗorawa.

Abin da ke kai 'ya'yan mutane cikin gajimare ke nan:
itace, waya,
da yadin da bai kai zanen gadona kauri ba.

Aubrey ƙanena, shekara goma sha tara,
wanda keke ma sai da ya fasa masa gwiwa sau uku,
an koya masa tashi na awa goma sha biyar,
aka ce ya ƙware.
Ya zo sallama da hular fata da tabarau,
ya cinye burodin Inna har ɓawon,
ya ce, "Yaya, ki ɗinka nawa da kyau."
Na ce, ina zan gane naka a cikin ɗari?
Ya ce, "To, ki ɗinka duka da kyau."

Na tambaye shi laimar sauka.
Ya yi dariya: wai manya sun ce in an ba su,
za su riƙa dirowa su bar jirgi ya faɗi.
Jirgi da tsada.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a hayin teku.
Takardar ba ta cika tafin hannu ba.
Su shida suka tashi da hantsi, biyu suka dawo.
Wani ya faɗo masa daga cikin ƙwayar rana,
inda ido ba ya iya dubawa.
An ga hayaƙi. Ba a ga sauran ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
Aubrey bai ja ruwa ba.

Ran Talata aka kawo wani fiffike gyara,
huda ashirin da bakwai, na ƙirga da yatsa.
Na gane ƙullina a jikinsa,
irin na 'yar bahaguwa, mai karkata hagu.
Ba nasa ba ne. Nasa ya zama toka.
Amma ko'ina zarena ya riƙe, bai saki ba,
na rasa ko in yi murna.

Inna har yanzu in inji ya wuce bisa rufi
sai ta fito da cokali a hannu, ta ɗaga kai.
Ni ba na ɗagawa.
Nakan lashi bakin zare, in nemi kafar allura.
Gobe akwai yara takwas da za su tashi,
kuma ban san na wa nake ɗinkawa ba.