Tsakuwa a Cikin Shayi

An ɗauke wuta a Kakuri tun magariba.
Na kunna fitilar waya, na buɗe ƙamus.
Saura mako uku jarrabawar Jamusanci,
asibitin can ba ya ɗaukar ma'aikaciyar jinya bebiya.

Baba Tanimu na kan tabarma da kofin shayi
salam, ba ko ƙwaya,
shekara shida ke nan da likita ya raba su.

Zucker, na karanta. Tsuka ake furtawa.
Ya ɗago kai: Ladidi, sake faɗa.
Wannan ai na san ta, ko da ta sa kwat.

Sai na bi sawunta kamar akuyar da ta tsinke.
Bajamushe a hannun mutumin Italiya ya karɓa,
zucchero, cikin buhunan fatake.
Shi kuma wajen Balarabe ya auno, sukkar,
kwanon da mu ma muka ɗiba muka ce sukari.
Balaraben ma aro ya yi:
shakar, in ji mutanen Farisa.
Na ƙara gaba, batir na jan ido,
har ƙasar Hindu, wani tsohon harshe
da ba a cinikin kasuwa da shi yanzu:
sharkara.
Tsakuwa ke nan.
Irin wadda ake tsincewa a shinkafa,
irin wadda tifa ke kwasowa a bakin kogin Kaduna.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ashe tsakuwa na sha shekara talatin
a teburin mai shayin ƙofar masaƙa,
cokali huɗu kafin jiniya ta yi kuka!
Dole ƙafa ta yi nauyi.

Ya yi shiru. Sauro ya karɓi zancen.
Can ya ce: ita dai ba a tambaye ta biza ba.
Duk garin da ta sauka, a cire mata harafi, a liƙa wani,
har uwar da ta haife ta ba za ta shaida ta ba.
Ke fa, in kin je, me za su kira ki?

Ban amsa ba. Na ɗauko allurarsa,
na duba lamba a ɗan hasken da ya rage,
na kama fatar cikinsa kamar kullum.
Wa zai riƙa yi masa? Ba mu taɓa zancen ba.

Wayar ta mutu.
A duhu na ji yana juya cokali
a kofin da babu abin da zai narke,
yana gwada kalmar a hankali,
tsuka, tsuka,
kamar mai tauna shinkafa yana tsoron haƙorinsa.