Jirgi Na Uku

An ɗauke wuta a Hanwa,
fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Ni da Barira muka fito da tabarma tsakar gida,
hasken waya a fuskokinmu,
muna neman teku daga garin da ba shi da gaɓa.

Shekara goma sha ɗaya ina nutso don albashi,
tukunyar iska a baya, sifana a hannu,
ina ɗaure bututu cikin ruwan da ko tafina ba na gani.
Yanzu da na ajiye aiki
ina so in nutse sau ɗaya don kallo kawai,
inda ruwa yake garau, murjani yake da rai.

Ita kuwa, in Kubanni ta cika
rufe ido take sai mun haye gada.
Ko Kaduna za mu, sai da lemon tsami a jaka.
Duk da haka ta ce ƙafarta ƙafata.

Jirgin farko ya shiga raina:
nutso huɗu a yini, har da na dare,
kwana bakwai ba a ganin tudu.
Na haɗiyi yawu.
Ta ce, “To, kuna can ƙasa, ni ina ina?”
Na sake duba hotunan.
Tukwane a jere, rigunan roba suna ɗiga,
benci ɗaya a rana.
Na hango ta a kai
kamar butar da aka manta a tashar Kwangila.
Na wuce.

Na biyu da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado.
Ɗakin kwana a gindin inji, babu taga,
ga matar da ba ta barci sai labule na motsi.

Na uku ya fi tsada, ya kuma fi rowa:
nutso biyu kacal da hantsi,
da azahar ya saki anga a gefen tsibiri,
a taka ƙasa, a shiga kasuwa.
Ba ya bi ta kan tsohon jirgin nan da ya nutse
wanda na shekara uku ina kallon hotonsa.
Wannan ban faɗa mata ba.

Ta gyara zama, ta ce in rubuta musu.
Akwai rumfa?
Naman da ake dafawa, wa ya yanka?
Za a bar ta da yajinta?
In jirgi ya juya da dare, wa ke nuna alƙibla?
Akwai wasu masu zama a sama,
ko da ba ta jin yarensu, a dai gaisa?

Na ce, “Akwai ma kwalekwale mai gindin gilashi,
ki ga kifi ba ki jiƙe ba.”

Ta daɗe ba ta tanka ba.
Can ta ce, “Haladu, kifi akwai shi a Sabon Gari.
Shekara goma sha ɗaya kana shiga ruwa,
ni ina nan da carbi da agogon bango.
Ban taɓa ganin fitowarka ba,
sai dai waya ta yi ƙara in ji muryarka.
Kai ka ce min kumfa na tasowa
daidai saitin da mutum yake.
Ka samo min inda zan zauna a bakin jirgi
in ga numfashinka yana fashewa a sama,
in ƙirga da idona.”

Sauro ya ci ƙafata ban kore shi ba.

Na danna na uku.
Tsohon jirgin ya yi ta kwanciyarsa,
shi ba ya jiran kowa.

Da wuta ta dawo ta riga ta shiga ɗaki,
ina jin ta tana jan akwati daga ƙarƙashin gado,
tana tambaya ta ko lemon tsami ashirin
zai kai mu kwana shida.