Ƙwaurin Hagu

Sau uku ƙwaurina ya tsage
a hanyar Mirriya.
Na ɗauka rama ce gudu,
na rage tuwo, na yi gaba da fura,
har al'adata ta ɗauke wata bakwai, na yi gum.

Likita ta ɗaga hoton ƙashin a haske:
"Tsahara, tukunya ba ta tafasa babu itace."

Yanzu Inna Barira na tsaye kaina
sai na suɗe kwanon dambu,
man gyaɗa har gwiwar hannu.
Shekaranjiya jinin ya dawo. Na yi kuka a makewayi.

Yau da asuba na zaga duwatsun Birni,
minti goma sha biyu kacal,
kamar mai tallar ƙwai.
Ƙafar ba ta ce uffan ba.