Na Hannu

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a Temuco,
layi guda, kasuwa zuwa asibiti, asibiti zuwa kasuwa.
Kowane rami na san shi kamar maƙwabci.
Ran da suka miƙo mini takardar fansho
na ce wa Rosenda, ina son hanyar da ba ta juyowa da yamma.
Ta ce, to, fara gyara famfon kicin.

A bayan wani shagon katako na same shi,
jingine da bango kamar mai jiran a biya shi bashi.
Dogo, siriri, ya san kwalta ya san jeji,
fentin tankinsa ya koɗe inda gwiwa ke gogawa.
Mai shi, Eleuterio Paillán, ya fito yana dogara sanda.
Ƙugu ne, in ji shi, likita ya sa ƙarfe,
ƙafar nan ta gama hawa sirdi.
Na duƙa ina neman ɗigon mai a ƙarƙashin inji,
na ja sarƙa, na girgiza taya, na shinshina salansa,
yana kallona kamar ina buɗe bakin ɗansa.
Bugu uku ya tashi.
Tari biyu, sannan murya ta zauna.
Ban taya da yawa ba, kunya ta kama mini harshe.

An ce araha ba ta ado,
ba a ce adon zai ninka kuɗin saye ba.
Taya biyu masu haƙora saboda tsakuwar kudu.
Tanki babba, don a can
kafin ka ga gidan mai na gaba ka manta fuskar na baya.
Baldomero mai walda ya ƙera mini kariya,
ta farko ta karkace, muka yi cacar baki, ya sake.
Farantin ƙarfe a cikinsa don duwatsu.
Sirdin kuwa katako ne aka sa wa riga,
na kai wa mai kujeru ya cusa soso
daidai mazaunin da bas ya riga ya lallasa.
Na ɗaura sabuwar fitila, ta shanye batir a dare ɗaya,
na mayar da tsohuwar, na ba ta haƙuri.
Rosenda na rubuta komai a bayan kalanda,
ba ta cewa uffan, sai dai ta danna biro da ƙarfi.

Ran da na cire sirdi na ga ɗan littafi a leda.
Rubutun Eleuterio ne, ƙanana kamar tururuwa:
kwanan wata, kilomita, baƙin mai, fulogi.
Can tsakanin lissafi ya sa,
yau iska ta kayar da ni sau biyu.
A wani shafin,
wata tsohuwa ta ba ni miya, ta ƙi karɓar kuɗi.
Shafin ƙarshe suna ɗaya ne, Cochrane,
babu kwanan wata a gefensa.

Na hau na kai masa ya gani.
Ya zagaya shi sau ɗaya, sanda na ƙwas ƙwas,
ya ce, kun sa masa ƙiba.
Ya kara kunne, ya rufe ido,
ya ce in ɗan sassauta notin kafireta, kwata kawai,
wai ba ya son sanyin safiya, sai an lallashe shi.
Na miƙa masa littafin, ya ture hannuna.
Akwai sauran shafi, in ji shi.

Jibi da asuba zan kama hanya.
Tanti, tukunya, sifana goma sha biyu, faci da famfon iska,
burodin Rosenda a jakar hagu don nauyi ya daidaita.
Gwiwata ta faɗa daidai inda tasa ta koɗe fenti,
shi kaɗai ne wurin da ban taɓa ba.

Famfon kicin kuwa jiya na gyara shi.
Har yanzu yana ɗiga, amma a hankali.