Dutsen da Ya Zo Makari

A Makari ƙasa ba ta haifar dutse.
Tona gaba goma, laka ce baƙa wulik,
ko tsakuwar jifan akuya ba ka samu.
To wannan fa, daga ina?

Barma mai haƙar rijiya ya miƙo mini shi
daga gindin tudun kufai,
tare da kashin ƙarfe da fasasshen bakin tulu.
Bai fi kan jariri ba.
Gefe guda ya lotsa, ya yi santsi,
na sa babban yatsana a gurbin,
sai ya zauna daram, kamar ni aka auna.

Wani ya riga ni riƙe shi.
Maƙeri ne, ina ji,
tun masaba ba ta zama ƙarfe ba,
dutse ke dukan abin da wuta ta narkar,
uwa tana horon ɗan da zai gaje ta.

Amma ba maƙerin ke hana ni barci ba.
Wanda ya ɗauko shi nake tunani.
Daga duwatsun Mandara, ko daga Hajar Hamis,
kwana nawa a ƙafa, gammo ya jiƙe da gumi,
ƙasa ta tsage tana cizon diddige,
in ruwa ya malalo kuma, kwalekwale na nishi
don dutse ba ya taya tuƙi.
Me aka ba shi?
Bandar kifi, ƙila. Kanwa. Tsakiya uku ta matarsa.
Ko wuƙa guda, wadda dutsen nan ya daka.
Ya yi ciniki da mutanen da ba ya jin bakinsu,
yatsu suka yi magana, aka rabu ba faɗa.

Barma ya ce, jefar mana, malam,
dutse ne kawai, rana na yi.
Ya koma rami, igiya ta bi shi.

Yau manyan motoci ke zuwa daga Kuseri,
buhun siminti, rodi, gishiri,
ba mai tambayar sunan direba.
Shi ma haka aka yi masa.

Na kawo shi gida.
Gwaggo Gumsu ta juya shi, ta gwada nauyinsa,
ba ta tambaye ni shekarunsa ba.
Da magariba na ji ƙwas, ƙwas, a bayan ɗaki:
tana fasa goruba da shi.